KADA KA ZAUNAR DA TSOHONKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai saurayi Musulmi, darasinmu na yau a kan wani kuskure ne da 'ya'yan kirki su ka fi faɗawa ciki, su na zaton lada su ke nema. Yaro ya sami ɗan abin hannunsa, sai ya ce wa mahaifinsa: "Baba, zamna ka huta, wahalarka ta ƙare." Ya karɓe fartanya, ya sayar da tumakin, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Niyya kam mai kyau ce. Amma kafin shekara ta kewayo, dattijon da ya ke zuwa fadama da ƙafarsa ya koma ba ya iya tashi sai an kama shi.

Ka sani Allah ya bayyana mana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa mutum da rauni ya ke farawa, ƙarfi ya biyo baya, sa'an nan rauni da furfura su zo. Ba mai hana tsufa. Amma saurin da raunin ya ke yi, akwai hannunmu a ciki. Tsokar jiki in ba a aiki da ita zubewa ta ke yi, kuma ta tsoho ta fi saurin zubewa, ta fi wuyar komowa. Kwanciyar mako biyu ta isa ta raunana ƙafafunsa.

Wannan magana ta fi shafar mu, mutanen Sabon Birni da Isa. Tun wajen 2019 'yan bindiga su ka tashi ƙauyuka masu yawa a ƙasar Gobir. Dubban mutane su ka ƙetara jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, wasu su ka taru cikin Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato. Dattijon da ya shekara hamsin ya na noma a Gatawa ko Gangara ko Kamarawa, yau ya na raɓe a gidan wani, ba gona, ba dabba, ba abokan hira. Yaro ya na iya kama wata sana'a. Tsoho kuwa, in ba ka tsaya masa ba, zama da tunani za su ci shi tun kafin ciwo ya zo.

To, mene ne aikinka?

Na farko, ka bar shi ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar rabin sa'a a kwana biyar. Mu ba mu bukatar filin wasa. Tafiya masallaci sau biyar, da tsayuwa da ruku'u da sujada, sun ɗauki kaso babba. Kada ka ɗora shi a babur zuwa masallacin unguwa in ya na iya takawa. Ka jera da shi, ka rage saurinka. Inda daji ba lafiya, a yi tafiyar cikin gari, da safe ko bayan La'asar.

Na biyu, ka bar masa aikin da zai ce nasa ne. Tunkiya guda a turke, tufkar igiya, saƙar zana, ɗan lambun albasa ko zogale a bayan ɗaki, biya wa jikoki allo. Inna ma haka: kaji, akuya, tsintar wake, 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli. Ka riƙa shawara da su a kan aure da gona da rigimar dangi. Wanda a ke bukata, shi ya ke da dalilin tashi da asuba.

Na uku, abinci da ruwa. Tuwo zalla ba ya riƙe tsoka. A haɗa da wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifin gulbi in an samu. In haƙora sun zube a dafa ya yi laushi, a dama fura da kunu. A rage gishiri da dunƙule, domin abin da a ke so kada ya wuce giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. A bazara, da zafi ya ke haura digiri 40 a ƙasarmu, ka miƙa masa ruwa ko bai nema ba.

Na huɗu, awo. Hawan jini ba ya sallama. Mutum ya na yawo da shi shekaru ba ya jin kome, sai ran nan ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Nan sai ka ji an ce iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, a nufi gidan boka. Subhanallahi! An haɗa hasara biyu, ta imani da ta lafiya. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma asibiti a ke rugawa nan take. Tun kafin haka, ka kai shi a auna jininsa da sukarinsa a asibitin Isa ko na Sabon Birni. In awon ya na kai 140 bisa 90 a kai a kai, ya na bukatar kulawa, kuma ba a barin magani don an ji sauƙi. Yanar ido ita ma a na cire ta da ɗan gajeren aiki. Kada ka bari mai yawo kasuwa-kasuwa ya soka masa tsinke a ido, da yawa sun makance ta nan. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na biyar, ka tsare shi daga faɗuwa. Ƙashin ƙugu in ya karye wa tsoho, sau da yawa shi ke nan kwanciya. Sanda mai ƙwari, tocila a gefen shimfiɗa, hanyar makewayi a share ta daga turmi da igiya da santsi.

Amma fa kada ka wuce iyaka ta ɗaya gefen. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu sun tallafe shi, domin ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya umurce shi ya hau abin hawa. Imrana ɗan Husaini da ciwo ya kama shi, an ba shi izinin salla a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Anas ɗan Malik da tsufa ya hana shi azumi, ciyarwa ya yi. Saboda haka mai ciwon sukari ko ƙoda ya tambayi likita kafin Ramalana. Ma'auni shi ne: abin da ya ke iyawa a bar masa, abin da ya gagare shi a ɗauke masa.

Kai kuma da ka tafi ci-rani Legas ko Abuja, aiko kuɗi ya yi kyau, amma bai sauke nauyin duka ba. Ka san wa ke raka shi masallaci, wa ke karɓo maganinsa. Ka kira shi, ka bar shi ya yi magana har ya gama. Wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa su na raye, da ya ce i, sai ya mai da shi ga hidimarsu. Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ta ambaci lokacin tsufansu musamman, ta hana ko da nuna ƙosawa.

Yau bayan Isha'i ka zauna kusa da tsohonka ka tambaye shi: "Baba, wane aiki ka ke marmarin komawa?" Abin da ya faɗa, ka fara da shi gobe in Allah ya kai mu.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.