Kada A Bar Gida Ɗaya Da Kayan

Karatu: Markus 5:1-20, Galatiyawa 6:2

'Yan'uwa, kusan kowane gari akwai gidan da ke ɓoye mai ciwon hankali. Wani an sa shi a turu, wani an ɗaure shi da mari a bayan ɗaki. Iyayensa ba mugaye ba ne. Sun gaji ne, sun sayar da awaki wajen bokaye, kunya kuma ta rufe musu baki.

Abin da Ubangiji ya yi

Mutumin ƙasar Garasinawa yana zaune a makabarta. An sha ɗaure shi da sarƙa, bai amfana kome ba. Da Yesu ya warkar da shi, sai ya roƙa ya bi shi. Yesu bai yarda ba, ya mai da shi gida wurin danginsa. Ashe komawa cikin mutane tana cikin warkewa.

Mu lura, ba kowane ciwon hankali ba ne aikin aljannu. Sanƙarau ya kan taɓa ƙwaƙwalwa. Wata mace ta kan rikice bayan haihuwa. Baƙin ciki mai tsanani da shan ƙwaya irin su tramol su ma su kan kawo shi. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kuwa da magani.

Misalin Aro

A shekara ta 1954 wani likita, Thomas Lambo, ya fara wani aiki a Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti su ba marasa lafiya masauki. Kowane majinyaci ya kan zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, su zauna tare. Da rana ya tafi asibiti a yi masa magani, da maraice ya komo ƙauye ya ci tuwo cikin jama'a. Masu gida kuwa ana biyansu kuɗin ɗaki. Manoma ne kamarmu, amma labarinsu ya kai ƙasashe da yawa.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

1. Asusu. Bayan girbi kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu ta hatsi. Dattawa biyu da mace ɗaya su riƙe lissafi. Daga nan za a fid da kuɗin mota da na magani.

2. Rakiya. Kada a bar uwa ita kaɗai ta kai ɗanta asibiti. Wanda ya iya karatu ya tafi tare da su, domin ya riƙe abin da likita ya faɗa.

3. Magani. A sa mutum ɗaya ya lura ana sha kullum. Da yawa su kan daina da sun ji sauƙi, ciwon kuwa ya komo. Likita ne kaɗai zai ce a rage ko a daina.

4. Karɓa-karɓa. Zumuntar mata su raba kwanaki, domin mai jinya ta sami zuwa kasuwa da sujada.

5. Gayya. A nome gonar gidan kafin ciyawa ta cinye ta. In ya fara samun sauƙi, a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, kamar ban ruwa a garka. A kira shi da sunansa, a hana yara tsokanarsa.

In ya tashi da faɗa, ko yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari, a kai shi asibiti ran nan.

Addu'a da magani ba su gāba da juna. Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye zuwa wurin Yesu, gama ɗaya ba zai iya ba.

Tambayoyi

Wane gida ne a garinmu yake ɗauke da wannan kaya shi kaɗai?
Wa zai fara gaishe su a wannan mako?

A rufe da addu'a domin gidan nan, a ambaci sunansu a gaban Ubangiji.