Shakka da Neman Jinƙai a Gabashin Sakkwato

Kiristocin Wurno da Rabah da Goronyo 'yan tsiraru ne, kuma bayan harin 'yan bindiga a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ba abin mamaki ba ne mai bi ya riƙa tambayar ko Allah na jin kukansa. Kada ya ɓoye wannan shakka. Ya kai ta ga fasto ko dattijon ikilisiya, wato taron masu bi, su karanta Yohanna sura 20 tare, inda Yesu bai kori almajirinsa Toma da ya yi shakka ba, sai ya nuna masa gurbin ƙusa a hannuwansa. Jinƙai kuwa, tausayin da Allah ke yi ba don cancantar mutum ba, sai mai bi ya riƙa roƙonsa safe da yamma da Zabura 51, ko da zuciyarsa ba ta natsu ba tukuna.