Mangalar Babur

Ɗana, mahaifinka ya ce ka sayi babur Boxer, kana shirin sa masa kariya ka riƙa ɗauko doya daga ƙauyukan Gbagyi zuwa kasuwar Bwari. Allah ya sanya albarka. Kafin ka tafi wurin mai walda, zauna mu ɗan yi magana.

Mu da jaki muka fara. A ɗora masa akumari, sannan a rataya mangala, aljihu ɗaya dama, ɗaya hagu. In gefe guda ya rinjaya, dutse ake jefawa a ɗayan har su daidaita. Ka ji fa, a ƙara wa dabba nauyi don a sauƙaƙa mata tafiya! Babur ma haka yake so: kaya su sauko ƙasa, su rabu biyu daidai, su matso kusa da mai tuƙi.

Amma dubi abin da samari ke yi yanzu. Sai a ƙera kariya doguwa, ta zarce tayar baya da kamu ɗaya ko biyu, a jibga mata buhu. Duk nauyin da ya zauna can baya ɗaga gaban babur yake yi. Tayar gaba ta daina kama ƙasa sosai, hannu ya riƙa rawa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka lura ba. Ranar da ka taso daga Dutsen Alhaji kana hawan tudun Bwari, ko ka faɗa rami a hanyar Jere, ranar za ka sani.

Saboda haka ka zaɓi gajeriya, ta bututun ƙarfe, ba ta rodin gini mai nauyin banza ba. A ɗaure ta da noti a ramukan da kamfani ya bari. Kada ka yarda a liƙa ta da walda a jikin firam, don nan wurin ne ke fara tsagewa.

Jakunkuna ko akwatunan gefe kuwa, kada faɗinsu ya wuce na hannun babur, domin inda hannu ya shige, nan kake zaton baya ma zai shige. Dama akwai salansa, hagu akwai sarƙa, kowanne yana cin kaya. Ni da kaina na taɓa isowa gida da rabin buhun masara: salansa ta ƙone shi, na yi ta yi wa kajin hanya sadaka ban sani ba. A sa ƙarfen da zai tokare jaka daga taya. Jarka mai lita 25, in ruwa ne, kilo 25 ke nan. Biyu sun kai nauyin buhun siminti. Fetur kam kada ya kusanci salansa.

Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, don haka abincinka yana nan wajenmu: ɗaliban makarantar horar da lauyoyi, masu zuwa hedikwatar JAMB, matan Ushafa da tukwanensu. To kada kariya ta cinye wurin zaman fasinja, kada kaya su rufe fitilar baya da lamba. Tukwane a shimfiɗa musu ciyawa a akwati.

Robar ɗauri ta tsohon tub ta fi min mai ƙugiya, wadda in ta kuɓuce ido take nema. Ka saya da yawa, rana tana cinye ta.

In an gama ɗaurawa, kawo shi ranar Juma'a bayan masallaci. Za mu ɗora buhu ɗaya, in ga yadda tayar gaba ta zauna.