Jinyar Yaro a Gida Bayan an Yi Masa Fiɗa

A shekarar 1867 wani likita a birnin Gilasgo, wai shi Joseph Lister, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani su ne ke ruɓar da rauni bayan fiɗa. Ya riƙa tsabtace rauni da kayan aiki da maganin kabolik, sai mutuwar majinyata ta ragu ƙwarai. To, yau yaron da aka yi wa fiɗar gwaiwa sau da yawa a ranar ake sallamarsa, watau tsaron raunin ya koma hannun uwa a ɗaka.

Kwana 2 na farko kada ruwa ya taɓa wurin, domin a lokacin ne bakin fata ke haɗewa. In za a sake bandeji, uwa ta wanke hannu da sabulu tukuna, ta goge gefen ɗinkin da ruwan da aka tafasa ya huce, ta bar shi ya bushe, sa'an nan ta rufe da sabo. Toka, ko garin sassaƙe, ko kashin shanu, ba su da wuri a nan ko kaɗan. Tsofaffi sukan ce da su aka rene su, amma ƙwayar cutar sandarewar wuya cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, in kuwa ta shiga rauni takan yi kisa.

Ɗan ja kaɗan a bakin ɗinki ba abin tsoro ba ne, haka ƙaiƙayi. Sai dai a yanke wa yaro farce, don hannunsa ba ya jin gargaɗi. Amma in jan yana yaɗuwa, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko mugunya ta fito da wari, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ɗinkin ya buɗe, a koma asibiti a ranar, kada a jira gobe. In jini ya ɓalle, a danne da tsabtataccen ƙyalle minti 10, in bai tsaya ba a tafi.

Don raɗaɗi a ba shi farasitamol gwargwadon da likita ya auna. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, gama takan taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Wani zaren narkewa yake yi da kansa, wani kuma cire shi ake yi bayan kwana 7 zuwa 10. Uwa ta tambaya wanne aka sa wa ɗanta tun ba su baro asibiti ba.