YADDA A KE TSAI DA TAKARDUN TALLA A ƘASAR AMURKA

Mutanenmu da ke zuwa Amurka karatu ko neman abinci su kan yi mamakin yawan takardun da ma'aikacin gidan waya ke zuba musu a akwati. Akwai littattafan kantuna masu hotunan kaya da farashinsu, akwai takardun neman taimako, akwai na bankuna masu tayin katin bashi. Wannan al'ada ta daɗe, gama tun 1872 kantin Montgomery Ward na Cikago ya soma aika wa manoma jerin kayansa ta gidan waya.

Ina ɓarnarsu?

Ɓarna ta fari ita ce, wasiƙar gaske, watau ta haraji, ko ta kotu, ko ta ofishin shige da fice, ta kan shige cikin tulin, a zubar da ita ba a sani ba. Ta biyu, ɓarawo ya kan tsinci takardar banki a juji, ya ci bashi da sunan mai gida.

Daga ina su ke samun suna?

Kadan mutum ya yi odar kaya, ko ya ba da taimako sau ɗaya, sunansa da adireshinsa sun shiga jeri. Kamfanoni kuwa su kan sayar wa juna jerin nan, ko su ba da shi haya. Saboda haka wanda ya zubar da takarda kurum, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Tilas a cire sunan daga inda a ke ajiye shi.

Abin da za a yi

1. A rubuta wa kantin a ce ya daina, a haɗa da lambar da ke kusa da adireshi a bayan littafin. Ƙungiyar Catalog Choice ta kan isar da wannan saƙo kyauta.

2. A sa suna a DMAchoice, rajistar ƙungiyar masu talla. A kan biya 'yan daloli, ta yi aiki shekara 10. Amma ba ta hana kantin da mutum ke ciniki da shi aiko masa.

3. Tayin katin bashi da na inshora ya kan taso daga kamfanoni huɗu masu ajiye labarin bashin jama'a: Equifax, Experian, Innovis da TransUnion. Ta hanyar OptOutPrescreen a kan tsai da shi shekara 5, ko har abada idan an sa hannu a takarda an aika.

4. Kadan tallan ya zama na batsa a ganin mai gida, sai ya cika fam mai lamba 1500 a gidan waya. A 1970 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar cewa mai gida ne ke da ikon yanke wannan hukunci, ba mai aikowa ba.

Lalle a yi haƙuri, gama an riga an buga waɗansu takardun, su kan ci gaba da zuwa har kamar wata uku. Kafin nan, a riƙa duba kowace ambulan, a kekketa mai ɗauke da suna kafin a zubar.

Tambayoyi

1. Don me zubar da takarda bai isa ba?
2. Shekara nawa rajistar DMAchoice ke aiki?