Gaɓar Ƙashi da Gaɓar Ƙarfe: Yadda Ake Gane Kan Tayarod Ya Ci, da Yadda Ake Sauya Shi

Duk ɗalibin da ya yi darasin ƙasusuwa a ajin nazarin halittu ya san gaɓar kwatangwalo. Kan ƙashin cinya, wanda yake a mulmule kamar ƙwallo, yana zaune ne cikin wani gurbi mai siffar ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu, kuma saboda wannan tsari ne ƙafa take iya yin gaba da baya, ta buɗe gefe, ta kuma juya. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwai irin wannan gaɓa a bayan kowace tayar gaba ta mota. Makanikai suna kiranta kan tayarod. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun yaro ba, amma ita ce take kai umurnin sitiyari ga taya. Ranar da ta rabu kuwa, ko direba ya juya sitiyari, tayar ba za ta bi shi ba.

Za a ɗauki misali da Mazda MX-5, ƙaramar motar gudu mai kujeru biyu da ake ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Japan. An fara nuna ta a Shikago ta Amurka a 1989, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Samfurinta na farko bai cika tan ɗaya ba. A mota marar nauyi irin wannan, wadda da an taɓa sitiyarinta take amsawa, ɗan wasan da babbar mota za ta ɓoye nan da nan yake isa tafin hannun direba. Amma tsarin iri ɗaya ne da na Peugeot 504 da sauran ƙananan motocin da aka saba gani.

A ƙarshen sandar sitiyari akwai ɗan ƙaramin giya wanda yake tura wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba. Daga kowane ƙarshe na wannan ƙarfe sai tayarod ya miƙa zuwa wani gajeren hannu da ke jikin mazaunin taya. To, ita taya tana hawa tana sauka bisa ga yanayin hanya, a lokaci guda kuma tana juyawa dama da hagu. Da za a ɗaure sandar kam, da ta karye a rami na farko. Shi ya sa aka sa gaɓa a duk ƙarshen biyu, ta ciki da ta waje.

Idan aka yanka ta waje biyu, za a ga ƙwallon ƙarfe mai tauri zaune cikin ƙoƙon roba mai santsi, da giris a tsakaninsu, da wata hular roba mai laushi da ta rufe baki. Ƙoƙon yana matsayin guringuntsi, giris yana matsayin ruwan gaɓa, hular kuma tana matsayin jakar da ta lulluɓe gaɓa. Kamannin ya ma wuce haka. Likitan ƙashi John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila ya fara yi wa marasa lafiya kwatangwalon roba da sinadarin Teflon, sai ya ga yana cinyewa cikin 'yan shekaru. A 1962 ya koma ga wata roba mai tauri ta dangin folitilin, tare da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin kimanin milimita 22. Wato matsalar likitan ita ce ta injiniyan mota: yadda ƙarfe zai yi ta gogar roba shekara da shekaru ba tare da ya cinye ta ba.

Inda suka sha bamban shi ne rai. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa ba ya saurin warkewa, amma yana da ƙwayoyin halitta masu rai da ke sabunta shi sannu a hankali, jiki kuma yana ci gaba da samar da ruwan gaɓa. Kan tayarod na zamani kuwa galibi a rufe yake zuwa daga masana'anta, girisin da aka zuba masa shi ke nan har ƙarshen aikinsa. Saboda haka lalacewa takan soma ne daga hular roba. Zafi da tsufa su tsattsage ta, giris ya fita, ruwa da ƙura su shiga. Ƙurar hunturu mai yashi idan ta cuɗanya da giris sai ta zama tamkar magogi, ta riƙa cin ƙoƙon har ƙwallon ya yi lako-lako a ciki. Sannan gaɓar mutum idan ta ci tana yin ciwo, ta mota kuwa shiru take yi, sai mai ita ya nemi alamu da kansa.

Alama ta farko ita ce a juya sitiyari kaɗan amma mota ba ta amsa ba. Sai yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya, da ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada, da cin taya ta gefe ɗaya. Sai dai waɗannan duk zato ne, domin wasu sassan ma suna kawo su. Tabbaci yana ga hannu. Akan ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da matokaran ƙarfe, domin jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Sai a kama taya a wajen ƙarfe 3 da ƙarfe 9 na fuskar agogo a jijjiga ta. In an ji wasa, a sake kamawa a ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Wasan da ya bayyana a gwajin farko kaɗai ya fi nuna tayarod, wanda ya bayyana a na biyu kuma ya fi nuna boris ko boljoyin. Daga nan sai mutum ɗaya ya ci gaba da jijjigawa, na biyu ya ɗora yatsunsa a kan gaɓar. Lafiyayyar gaɓa tana tafiya tare da hannun taya kamar abu guda. In kuma ta waje ba ta motsa ba, sai a matsa robar da ta rufe ta ciki a ji.

Wajen sauyawa, bayan an cire taya, akan fara sassauta notin da ya ƙulle kan tayarod a jikin sandar, a yi wa wurin alama da fenti. Sai a zare tsagaggen fil, a kwance notin da ke riƙe da ƙafar ƙwallon. Ita wannan ƙafa tsukakkiya ce kamar turaku, ta matse cikin raminta, don haka ana fitar da ita da na'urar matsa. Masu amfani da guduma su bugi gefen hannun taya, kada su bugi kan ƙafar, domin tiredinta zai dagule. Sannan a warware tsohon kai ana ƙirga zagaye, a ɗaura sabo da daidai wannan adadi. A ɗaure noti da sifana mai awo bisa ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Idan ramin fil bai dace da tsagar noti ba, a ƙara ɗauri kaɗan, ba a sassautawa. Fil kuma sabo ake sawa; mayar da tsoho tsimi ne marar riba.

Ƙirgen zagaye zai kai mota gareji ne kawai, ba zai maye gurbin awon alaimen ba, domin sabon kai ba lalle tsawonsa ya yi daidai da na tsoho ba. Lissafi zai nuna dalili. A ɗauka tazarar tiredi milimita 1.5 ce, hannun taya kuma santimita 13. Kuskuren zagaye ɗaya zai karkata taya da kimanin kashi biyu cikin uku na digiri ɗaya. Tayar da ta karkace da cikakken digiri ɗaya tana neman kauce hanya da mita 17 da rabi a kowace kilomita. Da yake ba ta da damar kaucewar, sai ta yi ta gogar kwalta a gicciye, kamar ana jan ta gefe kilomita 17 da rabi a tafiyar kilomita 1,000.

Malamin da yake son ɗalibansa su ga wannan da idonsu zai iya karɓo tsohon kan tayarod daga makanike, ya sayo gaɓar kwatangwalon akuya daga mahauci, ya ajiye su kusa da juna. Ɗalibai su taɓa santsin guringuntsi, su juya ƙwallon ƙarfen su ji wasansa, sannan su nemo ɗan gajeren jijiyar da ta ɗaure kan ƙashin cinya a tsakiyar ƙoƙonsa. Ba za su sami irinta a gaɓar ƙarfe ba. A can, bakin gidan ƙarfen da ya fi ƙwallon ƙanƙanta ne kaɗai yake riƙe da shi, kuma idan wannan baki ya ci, ƙwallon fita yake yi.