Karatu: Tafiyar yini guda zuwa tabkin kan dutse

Tsakanin ƙasar Faransa da ƙasar Ispaniya akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Pirene. A cikinsu akwai wani tabki mai suna O, kusa da garin Lushon. Babu hanyar mota ga mai ziyara. Duk mai son ganinsa sai ya taka da ƙafa.

1. Hanya

Mota tana tsayawa a Asto, wurin da makiyaya suka gina garkunan bisashe. Asto yana bisa teku da mita 1,139. Tabkin O kuwa yana bisa teku da mita 1,507. Hanyar tana ratsa daji mai dogayen itatuwa, tana murɗawa kamar maciji don hawan ya yi sauƙi. An shafa fenti fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa, don kada baƙo ya ɓata. Mai tafiya a hankali yakan isa cikin awa ɗaya da rabi.

A kan dutse ba tsawon hanya kaɗai ake dubawa ba. Abin da ake fara tambaya shi ne: hawan mita nawa ne? Kilomita uku na hawa sun fi kilomita shida na fili gajiyarwa.

2. Tabki

Faɗin tabkin O hekta 42 ne, zurfinsa mita 67. A ƙarshensa ruwa yana zubowa daga kan dutse mai tsawon mita 275. Masu sauran ƙarfi sukan ƙara hawa zuwa tabki na biyu, Espingo, mai bisa teku da mita 1,882. Nan ya kusa kai ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Ayar, mai mita 2,022. A can itatuwa suna gajarcewa, suna raguwa, sai ciyawa da dutse. Dalili shi ne sanyi: duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6.

3. Daga ina ruwan yake?

Da sanyi, ƙanƙara mai laushi kamar gari tana sauka ta rufe duwatsun. Idan zafi ya zo sai ta narke kaɗan-kaɗan, ta cika tabkuna. Ke nan tabki rumbun ruwa ne: ana tarawa lokacin wadata, ana ci lokacin rani. A shekara ta 1921 an gina wa tabkin O baraji. Ruwansa yana juya injunan wutar lantarki a Lushon. Daga nan ya bi ƙorama ya shiga kogin Garon, wanda ya ratsa birnin Tuluz.

Dajin ma yana da nasa aiki. Saiwoyi suna riƙe ƙasa, ganyen da ya zube yana shan ruwa. Inda aka sare itatuwa, ruwa yakan sauko da gudu, ya kwashe ƙasa. A shekara ta 1875 Garon ya yi ambaliya, ya kashe mutane fiye da 200 a Tuluz. A 1882 gwamnatin Faransa ta kafa dokar gyara ƙasar duwatsu, aka yi ta dashen itatuwa.

4. Dokokin mai tafiya

Lokacin tafiya daga Yuni ne zuwa Satumba. A tashi da sassafe, domin hadari ya fi tasowa da marece, kuma tsawa tana faɗa wa wuri mai tsawo. A riƙe ruwan sha, da guzuri, da rigar sanyi, da takalmi mai ƙarfi. A faɗa wa mutanen gida inda za a je. A tsaida lokacin juyowa tun kafin a tashi, a kuma juyo ko ba a kai tabkin ba. Tabki ba ya gudu, amma rana tana faɗuwa. Kada a hura wuta a daji, kada a bar shara.

Tambayoyi

1. Mita nawa ake hawa daga Asto zuwa tabkin O?
2. Mita nawa Bagzan ya fi Espingo tsawo?
3. Don me aka ce tabki rumbun ruwa ne?
4. A tattauna a aji: me ya faru da gulbi ko tabkin garinku bayan an sare itatuwan bakinsa?